Daga Bununi Zuwa Ƙwaya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Shinkafa, Gero, Dawa da Masara Ke Ɗaukar Ciki

Ina koyar da ilimin aikin gona a wata makarantar sakandare a ƙasar Argungu, ina kuma da 'yar gonar shinkafa a fadama da nake nomawa rani da damina. Tambayoyin nan na tsinto su ne daga bakin ɗalibaina da maƙwabtan gona da 'yan uwa masu turo saƙo ta waya. Kusan dukkansu wuri ɗaya suke komawa, wato abin da ke gudana a cikin furen hatsi tun daga safiyar da ya buɗe har kwana goma bayanta. Mutum zai yi wata uku yana fama da gona, alhali cikin 'yan sa'o'in nan ne, da ikon Allah, yawan buhun da zai kai gida ke tabbata.

Wai da gaske shinkafa da gero ciyawa ne?

Ƙwarai kuwa. Shinkafa, gero, maiwa, dawa, masara, alkama, acca da rake duk 'yan gida ɗaya ne da gamba da kyasuwa da harkiya da tofa. Dangi ne babba mai nau'i sama da 10,000 a duniya. Dubi ganyensu da gaɓoɓin karansu da sauyoyinsu masu kama da gashi, za ka ga kamannin. Yadda suke haihuwa ma kusan ɗaya ne, shi ya sa abin da aka gano a masara yakan yi wa mai binciken shinkafa amfani.

Ni ban taɓa ganin fure a jikin shinkafa ba. Ina yake?

Ka sha ganinsa, ba ka dai kira shi fure ba. Duk ɓuntun da zai zama ƙwaya ɗaya fure ne. Furen ciyawa ba shi da ado ko ƙamshi, domin iska ce ke yi masa aike, ba ya buƙatar kiran zuma.

Ka je gona da hantsi a makon da shinkafa ta fidda kai, ka durƙusa daf da zangarniya ɗaya. Za ka ga wasu ɓuntuna sun yi baki biyu kamar kwanson makankari, wasu 'yan jakunkuna masu launin ƙwai suna reto a kan zare siriri. Guda shida ne a shinkafa, uku a gero da dawa da masara. Su ne ɓangaren namiji, garin da ke zubowa daga cikinsu kuwa shi ne bununi, irin wanda ke manne wa mutum a riga idan ya ratsa gonar gero da safe. Can gindin ɓuntun akwai wasu gashi biyu masu kama da gashin tsuntsu, su ne hannun macen da ke cafke bununi. Ƙarƙashinsu akwai 'yar mahaifa wadda ba ta kai kan allurar ɗinkin buhu ba, a cikinta kuma ƙwai ɗaya tak.

Abin da ke buɗe ɓuntun wasu 'yan tsoka biyu ne a gindi da ke kumbura da ruwa su tura murfin. Bayan kamar sa'a ɗaya sai su saki, ɓuntun ya rufe, ba zai sake buɗewa ba har abada. Zangarniya ɗaya takan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai kafin furanninta su gama, ana farawa daga sama a gangaro ƙasa.

Idan bununi ya sauka a kan gashin macen, sai me?

Nan ne abin mamakin yake, kuma shi na fi son koyarwa a aji.

Duk mai rai an gina shi da 'yan ƙananan ɗakuna da ake kira sel. Ƙwayar bununin ciyawa sel uku gare ta: babba ɗaya, da ƙanana biyu a cikinta waɗanda su ne ƙwayoyin namiji. Waɗannan biyun ba sa iyo, ba su da wutsiya irin ta maniyyin dabba, sai an ɗauke su an kai su. Da bununi ya taɓa gashin macen sai ya tsotsi ruwa, cikin 'yan mintoci ya tsiro da wani bututu siriri, bututun ya kutsa cikin gashin ya nufi mahaifa da ƙwayoyin biyu a cikinsa.

A cikin mahaifar akwai wata jaka mai sel bakwai tun asali. Ƙwan yana bakin ƙofa, da wasu sel biyu suna dafe da shi dama da hagu kamar ƙawayen amarya. A tsakiya akwai wani babban sel mai cibiya biyu, wato ma'ajiyar gado guda biyu, sauran ukun kuma suna can ƙuryar jaka, a ciyayi har sukan yi ta ƙaruwa. Ƙawayen nan biyu su ne ke fitar da sinadarin da bututun ke bi har ya gane ƙofa. A 2005 wasu masana a Jamus, cikinsu da Thomas Dresselhaus, suka nuna wani ɗan ƙaramin furotin a masara da ke wannan kira. Da suka rage shi sai bututun ya iso kusa ya kasa shiga.

Bututun yana shiga ɗaya daga cikin ƙawayen sai ya fashe ya saki ƙwayoyin biyu. Ɗaya ta haɗu da ƙwai, daga nan ɗan tayi ke samuwa, shi ne tsiron baɗi. Ɗayar ta haɗu da babban sel na tsakiya, daga nan ake samun guzurin ɗan tayin, wanda masana ke kira endosfam. Ciki biyu ke nan a lokaci ɗaya. Farin garin da muke tuƙa tuwo da shi, muke dama fura da kunu da shi, guzurin nan ne. Tanadin da aka yi wa ɗan tayi muke ci.

Lissafin gadon ma yana da daɗin bi. Shinkafa tana da kuromosom 24, wato ƙunshin bayanan gado. Ƙwai na kawo 12, namiji na kawo 12, ɗan tayi ya tashi da 24 kamar iyayensa. Guzuri kuwa kashi biyu yake samu daga uwa, ɗaya daga uba, ya zama 36. A masara da dawa 20 ne da 30, a gero 14 da 21. Wannan rabo na biyu daga uwa ɗaya daga uba, idan ya karkace guzuri ba ya cika, ƙwaya ta motse. Yana cikin dalilan da ke sa auren jinsi biyu masu nisa da juna ke mutuwa a ciki.

A shinkafa tafiyar gajeriya ce, cikin 'yan sa'o'i an gama. A masara bututun sai ya bi tsawon gemu guda, wani ya wuce santimita 20, yana cin kusan santimita ɗaya a sa'a, ya kwashe kamar yini da kwana.

Wa ya fara ganin wannan?

Wani masanin tsirrai na daular Rasha, Sergei Nawaschin, a birnin Kiyef a 1898, a jikin wasu furanni dangin lili. Bafaranshe Léon Guignard ma ya bayyana shi a 1899. Da madubin maikuroskof da yankan sassa siriri kawai suka yi aikin.

Na shuka farar masara, na ɓare goyo na tarar da ƙwayoyi masu ruwan ƙwai a ciki. An cuce ni a iri ne?

Ba lallai ba ne. Kafin ka zargi mai iri, leƙa gonar maƙwabcinka. Tun da guzuri yana da kashi ɗaya daga uba, kuma launin ƙwai na masara a cikin guzurin yake, bununin jar masara da iska ta kawo zai rina ƙwayar a wannan shekarar, ba sai baɗi ba. Kowace ƙwaya a jikin goyo ubanta daban. Idan ka ƙirga ƙwayoyi bakwai masu launi, ka ƙirga bununi bakwai da suka ƙetaro iyaka.

Mai noma don ci, wannan ba ya rage masa komai. Mai ajiye iri shi ne zai kula: ya ɗebi irinsa daga tsakiyar gona, ko ya nisanta, ko ya bambanta ranar shuka da maƙwabci yadda bununinsu ba zai zo tare ba.

Me ya sa irin shinkafa ke daɗewa bai canza ba, gero kuwa shekara biyu ya gauraye?

Shinkafa 'yar gida take aura. Jakunkunan bununinta suna fashewa daidai lokacin da ɓuntu ke buɗewa, garin ya zubo kan gashin macen wannan furen. Bununinta kuma ba shi da tsawon rai, mintoci kaɗan a iska ya mutu. Don haka iri kamar FARO 44 yana riƙe kamanninsa, cakuɗuwar da ake gani yawanci daga masussuka da buhu da ragowar bara da ta tsiro a gona take zuwa.

Gero akasin haka yake. Dubi kan gero da ya fito sabo: fararen gashin mace ne ke fara bayyana, ya yi fari tas kamar an yayyafa auduga, sai bayan kwana biyu ko uku bununinsa ya fito. Kafin nasa ya iso, na maƙwabci ya riga ya shiga. Shi ya sa mafi yawan ƙwayoyin gero 'ya'yan wani kan ne. Dawa tana tsakani: galibi kanta take yi wa barbara, amma tana karɓar baƙo fiye da shinkafa, musamman masu sakakken kai.

Wani abu game da gero: akwai cutar da ke sa kansa ya riƙa ɗigar ruwa mai danƙo kamar zuma. Ta gashin macen take shiga, hanyar da bununi ke bi. Furen da ya samu bununi da wuri ya rufe mata ƙofa. Idan ruwan sama ya yi ta wanke bununi a makon fure, cutar kan samu sarari.

Shinkafar rani ta ta yi kyau, ta fidda kai, amma rabin zangarniyar ba ƙwaya. Me ya faru?

Wannan tambayar ta fi kowace zuwa, kuma ni ma ta taɓa ci na. Wata shekara injin ban-ruwana ya lalace, kafin in haɗa kuɗin gyara dashe ya yi latti, shinkafar ta zo fure a tsakiyar Afrilu. Ganye shar, kai ya fito reras. Mako biyu bayan haka zangarniyoyin da ya kamata su sunkuya suna nan tsaye ƙyam. Na murza ɗaya a tafin hannu na hura, kusan duk ta tashi. Wani dattijo maƙwabcina da abin ya shafa shi ma ya ce mini, "Malam, taki mun ba ta, ruwa mun ba ta, mi ya hana ta cika?" Na ce masa, "Baba, ba yunwa ta kashe ta ba, rana ce ta same ta a ranar aurenta."

Idan zafi ya wuce digiri 35 a ma'aunin Salsiyos a daidai sa'ar da furen ke buɗe, jakar bununi ba ta fashewa da kyau. Garin da ke sauka kan macen ya yi kaɗan, wanda ya sauka ma bai tsiro ba. Sa'a ɗaya ta irin wannan zafi ta isa ta kashe furen da ya buɗe ranar. Mu kuwa a Kebbi, Maris da Afrilu zafin rana kan haura 40. Abin da ke ceton mu shi ne furen na buɗewa kafin rana ta take, kuma shukar da ƙafarta ke cikin ruwa tana fitar da gumi ta sanyaya kanta, a busasshiyar iska irin tamu zangarniya kan fi iskar da ke kewaye da ita sanyi. Saboda haka wanda ya yi tsimin fetur a makon fure ya yi tsimi a mafi munin wuri. Gara a rage ban-ruwa a wani lokacin daban.

Sanyi ma yana yin irin wannan ɓarna, tasa ma ta fi ɓoyuwa. Kwana goma zuwa goma sha biyu kafin kai ya fito, lokacin da muke cewa shinkafa ta yi ciki, a nan ake ƙera bununi. Idan darare suka yi sanyin hunturu a wannan gaɓa, bununin zai fito fanko, ba rai a cikinsa. Manomi ba zai ga komai ba sai bayan wata guda. Masu binciken cibiyar shinkafa ta Afirka, AfricaRice, sun daɗe suna nazarin wannan a kwarin kogin Sanagal, inda yanayi ya yi kama da namu, kuma abin da suka fi jaddadawa shi ne ranar shuka. A ganina babu shawarar da ta fi wannan araha: ka ƙirga baya daga ranar fure, ka tsara kada cikin ya faɗa tsakiyar sanyin Disamba da Janairu, furen kuma kada ya faɗa ƙuryar bazara.

Kafin ka ɗora wa yanayi laifi, duba alamu. Idan zangarniya ta yi fari fat gaba ɗaya, ka ja ta ta zaro cikin sauƙi, tsutsar kara ce. Idan ɓuntun yana da ɗigon huda da ƙwaya rabi, ƙwari masu tsotsar madara ne. Idan an tsattsage shi, jan-baki ne. Ɓuntun da zafi ko sanyi ya kashe lafiyayye ne a ido, ka buɗe ka tarar da 'yar mahaifa ba ta motsa ba. A dawa akwai wani ɗan ƙuda ja mai ƙanƙanta da ke saka ƙwai a cikin fure, tsutsarsa ta cinye mahaifar, kan ya tashi ba ƙwaya.

Feshi kuma, in ya zama dole a makon fure, a bari sai la'asar bayan furanni sun rufe.

Goyon masara mai giɓi fa?

Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake wa aiki. Silin da bai samu bununi ba, gurbinsa zai zauna fayau. Idan fari ya zo lokacin fure, bununin sama yana fita a kan lokacinsa, gemu kuwa ya makara domin da ruwa yake tsawo. Kafin ya leƙo gari ya ƙare. Gemun gindin goyo ne ke fara fitowa, na kai shi ne na ƙarshe, shi ya sa kan goyo ya fi zama fanko.

Yaya ɗan tayin ke girma bayan haka?

A shinkafa, cikin yini guda ƙwan da ya haɗu da namiji ya rabu biyu. Sel na sama ƙarami ne mai kauri, na ƙasa ya fi girma. Kwana uku na farko ba shi da siffa, ɗan dunƙule ne kawai da ke ta rabuwa. Amma tun a lokacin sel-sel ɗin sun fara sanin matsayinsu, wasu ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke rubuce a jikin kuromosom, sun kunnu a gefen da toho zai fito tun ido bai ga alamar komai ba. Wajen kwana na huɗu sai gefe ɗaya ya lotsa, idon toho ya bayyana tare da kuben da zai rufe shi, mafarin saiwa kuma ya fara zama a ciki. Kwana na biyar ganyen farko ya ɗauko. Kafin kwana goma ɗan tayi ya cika siffa: ganye uku a naɗe, saiwa a cikin kubenta, da wani faifai mai kama da garkuwa da ya jingina da guzuri, ta nan zai riƙa tsotsar abinci ranar da zai tsiro. A masara ganye biyar ko shida ne ke naɗe a cikin ƙwayar tun tana rumbu.

Guzuri ya fi shi sauri. Cibiyarsa tana ta rabuwa ba tare da gina bango ba, har jakar ta cika da cibiyoyi a ruwa ɗaya, sai wajen kwana uku zuwa huɗu a fara kewaye kowace da bangonta. Daga nan sitaci ya fara taruwa. Madarar da ke fitowa idan ka matsa ƙwaya ita ce wannan, haka ma zaƙin tumu. Kwana talatin ko kusa da haka bayan fure shinkafa ta nuna, ɗan tayi ya bushe ya kwanta barci.

Ina ɗan tayin yake a shinkafar da muke dafawa?

Injin casa ya cire shi. Ɗauki farar ƙwaya ɗaya ka duba, a gefe ɗaya na gindinta akwai ɗan gurbi kamar an ɓantare. Nan yake zaune. Ya tafi cikin dusa tare da mai da bitamin ɗinsa. Matan da ke turara shanshera kafin a kai inji suna yin abin kirki, domin turarawa na tura wani kaso na bitamin ɗin zuwa cikin ƙwayar.

Ɗan tayin gero babba ne idan an gwada da jikin ƙwayar, ga shi da mai, shi ya sa garin gero ba ya jure ajiya, kwana kaɗan ya sauya ɗanɗano. Mai kunun zaƙi da ke zuba tsiron shinkafa ko na dawa, ɗan tayi take sa wa aiki. Da ya farka sai ya aika sinadari zuwa wani siririn rufi mai rai da ke kewaye da guzuri, rufin ya saki abin da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Shi ne kunu ke tsinkewa ya yi zaƙi.

Ta yaya masana ke nazarin abin da ke ɓoye haka?

Da wahala. Ƙwan shinkafa sai ka jera kamar ashirin kafin su cika milimita ɗaya, ga shi a binne cikin rufi bayan rufi. Shekaru da yawa hanyar ita ce a tsinke furanni a sa'o'i daban-daban bayan barbara, a kashe su da sinadari, a daskare su cikin kakin kyandir, a yanka siriri, a rina, a duba. Kamar mai son sanin kokawa ne daga hotuna.

A 1993 Erhard Kranz da Horst Lörz a Hambog ta Jamus suka zaro ƙwan masara da ƙwayar namiji, suka haɗa su a ɗigon ruwa da ɗan bugun lantarki, suka rene shi har ya zama masara mai haihuwa. A 2007 ɗakin binciken Takashi Okamoto a Tokiyo ya yi haka da shinkafa. Tun daga nan aka samu damar kallon ɗaukar ciki da ido, a kuma ɗauki sel ɗaya a karanta ƙwayoyin gadon da ke kunne a cikinsa. An kammala karanta taswirar gadon shinkafa a 2005, ta dawa da masara a 2009, ta gero a 2017 a aikin da cibiyar binciken amfanin gonar busassun yankuna, ICRISAT, ta jagoranta.

Wane amfani wannan ya taɓa yi wa manomin Afirka?

Shinkafar NERICA, wadda aka samu daga auren shinkafar Afirka da ta Asiya, misali ce a fili. Muna da shinkafarmu ta asali da kakanni suka hore a kwarin kogin Kwara, can wajen Mali, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Tana jure wahala, tana danne ciyawa, furenta ma da sassafe yake buɗewa kafin na shinkafa 'yar Asiya, amma tana zubewa kuma ba ta da yawan amfani. Auren su biyun yakan haifi 'ya'ya marasa haihuwa. Dakta Monty Jones, ɗan Saliyo, da abokan aikinsa a cibiyar WARDA (AfricaRice ta yanzu) a shekarun 1990 suka bi ta hanyar ceto ɗan tayi: a ciro shi tun yana ɗanye a rene shi a kwalba kan abincin da aka haɗa, a sake aura wa 'yar Asiya, a kuma reni jakunkunan bununi don irin ya daidaita da wuri. A 2004 ya samu Kyautar Abinci ta Duniya tare da Yuan Longping na ƙasar Sin, uban shinkafar haibirid.

Akwai kuma dabarar gaggauta tsarkake iri. A 1959 Ed Coe a Amurka ya lura da wata masara da bununinta ke sa wasu ƙwayaye su tashi da gadon uwa kaɗai. Idan aka ninka kuromosom ɗinsu da sinadari, an samu tsarkakken iri cikin zubi biyu, abin da a da sai an yi zubi shida ko fiye.

Me ya sa ba a maimaita irin haibirid? Za a taɓa gyara wannan?

Haibirid ɗan iyaye biyu ne mabambanta, ƙarfinsa daga haɗuwar nan yake. Idan shi kuma ya zo haihuwa, gadon sai ya sake rarrabuwa, 'ya'yan su fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Dole manomi ya koma kasuwa duk shekara.

Wasu ciyayin daji ba su da wannan matsala, domin ƙwansu na zama ɗan tayi ba tare da namiji ba, 'ya ta fito sak uwarta. Kyasuwar da muke yanka wa dabbobi tana cikin masu yin haka. Ana kiran abin afomiksis. A 2015 masana a jihar Jojiya ta Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke sa haka a wata ciyawa 'yar uwar gero. Sannan Imtiyaz Khanday da Venkatesan Sundaresan a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna cewa a shinkafa akwai ƙwayar gado mai suna BABY BOOM1 wadda kwafin uba ne ke fara kunnuwa bayan haɗuwa, shi ke tada ƙwai ya fara rabuwa. Da suka kunna ta a cikin ƙwan tun kafin barbara, suka kuma hana gado rarrabuwa, sai shinkafa ta haifi kwafin kanta. An buga aikin a ƙarshen 2018. A 2022 wani rukuni ya kai abin sama da kashi 95 cikin 100 a shinkafar haibirid. Har a nan ma ana buƙatar bununi, domin guzuri ba ya samuwa sai da shi.

Ban ɓoye ba, wannan bincike yana raina. Ranar da manomin Suru ko Bunza ko Yawuri zai sayi iri mai ƙarfi sau ɗaya ya ci gaba da ɗiba daga rumbunsa, babban nauyi ya sauka. Aikin yana hannun masu bincike tukuna, kuma da yake ya shafi sauya ƙwayar gado, sai ya bi ta hukumar da ke sa ido kan irin wannan a Nijeriya. Wanda ya zo maka da shi a leda yau yana tallarsa, kada ka saya.

Malam, wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne?

Wani ɗalibina ne ya yi tambayar, kuma na ji daɗinta. Hukunci na malaman addini ne. Abin da na tuna masa shi ne aya ta 22 a Suratul Hijri ta ambaci iskoki masu barbara, kuma manoman dabino tun zamanin Sahabbai da hannu suke ɗaukar bununin namiji su kai wa mace. Mai duba fure a madubi kallon halitta yake yi, bai ƙagi ko sel ɗaya ba.

Ni ɗalibi ne, makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Me zan iya yi?

Da yawa. Jiƙa ƙwayar masara ta kwana, ka tsaga ta a tsaye da reza, ka ɗiga ruwan aidin na kemis da ka sirka. Guzuri zai yi baƙi, ɗan tayi ya zauna fari, har ka ga toho da saiwa da ido. In akwai maikuroskof ko ɗaya ne, murƙushe jakar bununin shinkafa a ɗigon aidin: lafiyayyen bununi zai yi baƙi ƙirin, mataccen ya zauna fayau. Gwada na gonar da ta yi ciki a hunturu da na wadda ta yi daga baya, ka ƙirga ɗari-ɗari ka rubuta.

Da damina, rufe goyon masara da ambulan kafin gemu ya leƙo. Bar ɗaya a rufe har ƙarshe. Na biyu, buɗe shi ka kaɗa masa bununin jar masara da hantsi ka mayar da murfin. Ranar girbi ka ɓare su gaban 'yan ajinku.

Mai son ya zurfafa, akwai jami'ar jiha a Aliero, ta tarayya a Birnin Kebbi, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Binciken shinkafa yana Badeggi a jihar Neja, na dawa da masara yana Samaru a Zariya, na gero da alkama yana cibiyar Tafkin Chadi a Maiduguri.

In kana so ka gwada auren shinkafa biyu da hannunka, da la'asar za ka je. Zaɓi zangarniyar da ta fara fitowa, ka cire furannin sama da suka riga suka buɗe da na can ƙasa da ba su ƙosa ba. Sauran ka datse kan kowane ɓuntu da almakashi, kamar kashi ɗaya cikin uku, ka zaro jakunkunan shida da ɗan hantsaki ba tare da ka taɓa gashin macen ba. Ƙirga su duk sau, ko ɗaya ta rage aikin ya ɓaci. Rufe da ambulan ka rubuta kwanan wata. Washegari da hantsi ka yanko zangarniyar uban da ke zubar da gari, ka kaɗa ta a cikin ambulan ɗin, ka rufe. Bayan mako guda za ka ga koriyar ƙwaya tsirara ta leƙo ta bakin ɓuntun da ka datse.